An bar ƙarfe ana dukan mai walda

Shekara biyu da suka wuce ina tsaye a filin da ƙanena yake gini, mai ɗaurin rodi ya ɗauko rodi mai milimita 12 zai lanƙwasa shi saboda ginshiƙi, sai muka ji ƙas! Rodi ya karye gida biyu kamar alli. Ya ɗauko wani, shi ma haka. Ɗan kwangila ya rufe yaron da faɗa, wai bai iya aiki ba, hannunsa ya cika gaggawa. Yaron bai tanka masa ba. Ya tsugunna ya ɗauki guntun, ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, dubi bakinsa." Bakin karayar a shafe yake, yana ƙyalli kamar an barbaɗa sukari. Ya ce rodin kirki ko zai karye sai ya yi gardama tukuna, ya miƙe, ya sirance, bakinsa ya yi toka-toka. Wannan kuwa gautsi gare shi.

Yaron nan bai gama sakandare ba, amma abin da ya faɗa mini shi ne abin da wata Baturiyar Ingila ta ƙarar da rayuwarta a kai. Sunanta Constance Tipper, masaniyar ƙarafa ce a Jami'ar Kambrij. Ina so in ba da labarinta, domin ina ganin a cikinsa akwai amsar tambayar da muke yawan yi wa malaman jami'o'inmu cikin gatse: wai binciken nan naku wa ya taɓa ciyarwa?

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ƙarƙashin teku na Jamus sun yi ta nutsar da jiragen da ke kai wa Birtaniya abinci da makamai, har ya zama ana nutsarwa fiye da yadda ake ƙerawa. Amurka ta shiga ƙera wani samfurin jirgin dakon kaya da ake kira Liberty. Tsakanin 1941 da 1945 ta ƙera guda 2,710. Sirrin saurin shi ne walda. Kafin nan, ana haɗa jikin jirgi ne da manyan ƙusoshi, a ɗora farantin ƙarfe a kan wani, a huda, a zura ƙusa da zafinta a dafe mata kai. Aiki ne mai cin lokaci da ƙwararru. Da aka koma walda, hannu kuma ya faɗa, aikin da ya ci wata bakwai ko takwas a jiragen Liberty na farko ya dawo kwana arba'in da 'yan kai. Akwai ma wanda aka harhaɗa a ƙasa da kwana biyar a Nuwamban 1942, don nuna bajinta. Masu waldar kuwa galibinsu sababbin hannu ne, da mata da yawa a cikinsu, waɗanda aka koya wa aikin cikin 'yan makonni saboda maza sun tafi fagen daga.

Sai jirage suka fara tsagewa. Wanda ya fi tayar da hankali ma ba Liberty ba ne, wani sabon jirgin dakon mai ne da aka yi masa irin wannan waldar, mai suna Schenectady. Ran 16 ga Janairun 1943, a tsakiyar hunturu, yana ɗaure a bakin tasha a birnin Portland, babu igiyar ruwa, babu hadari, babu abokan gaba, sai ya dare gida biyu da ƙarar da aka jiyo daga nesa. A Nuwamban shekarar wani Liberty mai suna John P. Gaines ya rabe biyu a tekun Alaska, aka yi asarar rayuka. Tsagogin da aka lissafa a irin waɗannan jirage sun haura dubu.

Wa za a ɗora wa laifi? Ai ba sai an tambaya ba. Ga sabuwar dabara, ga sababbin ma'aikata, ga gaggawa. Kowa ya ce masu walda ne.

A Birtaniya an kafa kwamitin duba waldar jiragen ruwa, kuma John Baker, shugaban sashen injiniya na Kambrij, yana ciki. Shi ya miƙa wa Tipper aikin. Ta karɓi guntayen farantan da aka yanko daga jiragen da suka tsage, ta dubi bakin karayar, ta yanka ƙananan samfura ta yi musu ɗan tsagi a gefe, ta riƙa jan su da inji har su tsinke, wasu a ɗumi, wasu a sanyi, wasu a sanyin da ya fi haka. Abin da ta nuna shi ne, ƙarfen yana da wani mizanin sanyi da in aka sauka ƙasa da shi halinsa yake sauyawa gaba ɗaya. Sama da mizanin yana da danƙo, yana lanƙwasa, yana shanye duka. Ƙasa da shi ya zama mai gautsi, ɗan tsagi kaɗan ya ishe shi ya ruga da gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Kuma ƙarfen da aka yi jiragen da shi mizaninsa yana sama sosai, har sanyin arewacin tekun Atlantika ya isa ya mai da shi kamar tangaram. Daga cikin dalilan akwai ƙarancin sinadarin manganis idan aka gwada da yawan kabon da ke cikinsa.

Kada in yi wa gaskiya ƙwange: walda ba ta fita fes ba. Sau da yawa daga aibin walda tsagar take farawa, ko daga kusurwar ƙofar rumbun kaya, wadda aka yanka da kaifi maimakon a zagaye ta. Kuma a jirgin ƙusa, tsaga in ta zo ƙarshen faranti sai ta tsaya, don farantin gaba daban yake. A jirgin walda jikin duka ya zama abu guda, babu inda za ta ci birki. Amma da ƙarfen mai danƙo ne, da aibin waldar ya tsaya a ɗan tabo. Ba kuma ita kaɗai ta yi aikin ba, Amurkawa ma sun kafa nasu kwamitin, sun gwada ɗaruruwan faranta. Abin da aka yi bayan nan ya nuna an fahimta: aka zagaye kusurwoyin, aka dasa ɗamarar ƙarfe da ƙusa a jikin jirage don tare tsaga, aka gyara haɗin sinadaran, daga baya kuma gwajin juriyar ƙarfe a sanyi ya shiga cikin sharuɗɗan ƙera jirgi. Gwajin da ta ƙirƙiro ma da sunanta ake kiransa.

Yawancin masu ba da labarin nan a nan suke tsayawa su tafa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekara ashirin da biyar ɗin da suka gabaci wannan rana.

An haife ta a 1894, sunan gidansu Elam. Ta shiga kwalejin mata ta Newnham a Kambrij a 1912 ta karanta kimiyya, a zamanin da jami'ar ke barin mace ta zauna jarrabawa amma ba ta ba ta cikakken digiri. Sai 1948 aka daina wannan. A 1915 ta kama aiki a babban ɗakin gwajin kimiyya na ƙasa da ke Teddington, shekara ta zagayo ta koma makarantar ma'adinai ta Landan a ƙarƙashin Harold Carpenter. Me take yi a can? Ƙarfen da muke gani, tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kamar dunƙulen gishiri. Ita da Carpenter suka gano yadda za a yi rainon ƙwaya ɗaya tilo ta gorar ruwa, wato alminiyom, har ta girma ta kai a riƙe ta a hannu. Sai ta riƙa jan wannan ƙwaya a hankali tana auna yadda take zamewa, ta wace fuska, a wace kusurwa. Shekara da shekaru tana wannan.

Ka ɗauka kai ne mai riƙe da asusun gwamnati a 1922, aka kawo maka takardar wata mata tana neman kuɗi don ta ci gaba da miƙar da guntayen gorar ruwa tana leƙen su. Ba jirgi, ba gada, ba bindiga. Da ka sa hannu? Ni dai na san da na ture takardar gefe. Wani abin dariya ma, gorar ruwa ba ta da wannan ciwon na gautsi a sanyi, tsarin ƙwayoyinta daban yake da na baƙin ƙarfe. Wato shekarunta na ƙuruciya ta kashe su ne a kan ƙarfen da ba shi da cutar da za ta zo ta gano. Amma a can idonta ya koyi karanta yadda ƙarfe yake miƙa wuya da yadda yake ƙi. A 1923 ita da masanin kimiyya G. I. Taylor suka gabatar da sakamakon a laccar Bakerian, ɗaya daga cikin manyan laccocin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Daga irin wannan aikin Taylor ya kai ga bayaninsa na 1934 a kan yadda layukan ƙwayoyin zarra ke gocewa a cikin ƙarfe, bayanin da har yau duk ɗalibin ƙarafa sai ya bi ta kansa.

An ce bayan laccar an aika wa "C. F. Elam" katin gayyatar liyafa, ba a san mace ba ce, alhali liyafar ta maza ce zalla. Ba ta je ba.

Ta auri George Tipper, masanin duwatsu, a 1928, ta koma Kambrij da zama. Kusan shekara goma tana aiki a ɗakunan gwajin jami'ar ba ta da kujerar dindindin, sai tallafin shekara ɗaya ko biyu, in ya ƙare a nemi wani. A cikin wannan halin ta fitar da littafinta na 1935 a kan yadda ƙwayoyin ƙarfe ke lauyewa. Sai da yaƙi ya kwashe maza a 1939 sannan aka ba ta koyarwa. Sai 1949, tana da shekara 55, bayan duk abin da ta yi wa jiragen, aka ba ta muƙamin Rida, taki ɗaya ƙasa da farfesa. A nan ta tsaya har ta yi ritaya a 1960. Royal Society ta fara karɓar mata a 1945, amma ba ta taɓa zaɓarta ba.

Saboda haka ni ba na yaba wa Kambrij a wannan labari. Sa'a suka taka. Matar da suka bari tana raɓe-raɓe a gefe ba ta yi zuciya ta tafi ba, kuma akwai ƙananan asusun tallafi nan da can da suka riƙe ta. Da ta gaji a 1933 ta koma kula da gida, da ranar da Baker ya waiwaya neman mai karanta bakin ƙarfe ɗakin wayam zai tarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma su sai da tafiya ta kama suka tuna akwai wadda ta daɗe tana fafewa ba su kula ta ba.

To mu fa?

Mun sayi masana'anta kafin mu riƙe masana. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980, ga tama a Itakpe kusa da ita, ga masana'antun murza ƙarfe da aka gina a Katsina da Jos da Oshogbo. An tura matasa ƙasashen waje sun koyo narka tama. Da yawansu sun yi furfura, sun yi ritaya, ba su ga an hura babbar tanderun ba ko sau ɗaya. Yau galibin rodin da ake ƙerawa a cikin gida daga tsofaffin ƙarafa yake fitowa, waɗanda 'yan jari-bola suke tarawa: gawar mota, tsohon injin niƙa, ƙofa, kwanon rufi, duk a tukunya guda. Narka tsohon ƙarfe ba laifi ba ne, duniya duka ana yi. Amma tukunyar da ba ka san abin da ya shiga cikinta ba, dole a ɗanɗana miyar kafin a raba. In kabon ya yi yawa, ko sinadarin fosfaras, rodi ya yi tauri ya yi gautsi ko da tsakar rana ce a Sakkwato. Mu sanyi ba shi ne matsalarmu ba, amma tambayar ɗaya ce da ta jiragen: me ke cikin ƙarfen, kuma wa ya duba?

Bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi a Nuwamban 2021, mutum fiye da 40 suka rasu. Makaranta ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024, aka rasa 22. Ba ina cewa rodi ne ya jawo su ba. Gini yana iya faɗuwa saboda harsashi, ko ƙarancin siminti, ko ƙarin hawan da ba a tsara ba. Abin da nake cewa shi ne, bayan kowace irin wannan musiba mun saba jin an kafa kwamiti, an kama wani, an yi alhini. Abin da ba mu saba gani ba shi ne takarda a bainar jama'a, da sunan masani a ƙasanta, tana cewa: mun yanko rodi kaza daga ginshiƙi kaza, ya tsinke a nauyi kaza, ga abin da ke cikinsa, ga hoton bakin karayar. In babu irin wannan takarda, laifi gangarowa yake yi har ya sauka a kan wanda ba shi da bakin magana, birkila ko mai ɗaurin rodi ko mai walda. Shi kuma wanda ya narka ƙarfen yana can yana loda wata tirela.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Ƙasar da asibitinta ba magani, makarantar firamarenta ba rufi, ina ta ga kuɗin ciyar da mai leƙen ƙwayar ƙarfe shekara ashirin? Kuma gaskiya ne, ba kowane mai bincike ne Tipper ba. Da yawa za su yi shekarunsu su tafi ba jirgin da ya zo neman su. Wasu ma, mu faɗi gaskiya, ba binciken suke yi ba, takardu suke tarawa don ƙarin girma, a buga a mujallar da ko su ba sa karantawa. Duk na yarda. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne zaton cewa za a iya zaɓo mai amfanin tun da wuri a bar sauran. A 1922 babu wanda zai iya nuna Constance Elam ya ce wannan ce za ta ceci jirage, har ita kanta. Abin da ake saya da kuɗin bincike shi ne a samu mutane a ƙasa waɗanda idonsu ya goge, ranar da abu ya karye a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Kuma kuɗin ba irin na Ajakuta ba ne. Injin jan ƙarfe, da injin gwada juriyar duka irin wanda Bafaranshe Georges Charpy ya daidaita tun 1901, da na'urar tantance sinadarai, da madubin ƙara girma, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ake biya a kan lokaci. Ba ma buƙatar sabuwar hukuma da sabon bene da motocin shugabanni. Akwai cibiyar bunƙasa ƙarafa ta ƙasa a Jos, akwai sashen injiniyan ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wasu jami'o'in kudu, akwai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Abin da ya rage shi ne tallafin ya zama mai ɗorewa, ko ƙarami ne, ya bi mutum shekara biyar ko goma maimakon ya sauko sau ɗaya kamar ruwan bazara. Sannan doka ta ce duk ginin da ya rushe, duk tankar da ta fashe, duk gadar da ta tsage, a kai guntayen ɗakin gwajin jami'a, a buga sakamakon kowa ya gani. Jami'a kuma ta lissafa wannan rahoto a cikin abin da ke kai malami ga farfesa. Yanzu malamin da ya kwana uku a kan baraguzan gini yana tsintar rodi bai ƙaru da komai ba a takardar ƙarin girmansa. To don me zai je?

Bincike kuma ba ya son yankewa. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Ba zan shiga rigimar wa ke da gaskiya ba, amma ɗalibin digiri na uku da ya baro samfuransa a tanderu a watan Fabrairu ba abin da ya bari zai tarar a Oktoba ba, in ma ya dawo ke nan bai bi hanyar Turai ko Saudiyya ba.

Akwai kuma batun da na so in tsallake amma ya ƙi tsallakuwa. A shekarun da Tipper take Rida, ita kaɗai ce mace mai cikakken muƙami a sashen injiniyan Kambrij. Mu nan yarinya in ta yi ƙoƙari a lissafi da kimiyya, likita ake mata fata, ko malamar jinya. In ta ce ƙarafa take so, sai a yi dariya a ce ƙira ba ta mata ba ce. Ita ma Tipper ba guduma ta ɗauka ba. Haƙuri ta zuba, da ido, da rubuta lambobi a littafi ba tare da ha'inci ba. Ban ga wanne daga cikin ukun ne 'ya'yanmu mata suka rasa ba.

Bayan yaƙi ba ta saki ƙarfe ba. Da Charles Oatley da ɗalibansa suka harhaɗa sabon madubin ilektiron a Kambrij, tana cikin na farko da suka sa bakin karyayyen ƙarfe a ƙarƙashinsa. Ta yi ritaya ta koma arewacin Ingila, ta ci gaba da ba masu ƙera jirage na Barrow shawara, ta fitar da littafinta a kan karayar gautsi a 1962. Ta rasu a 1995 tana da shekara 101.

Shi kuwa rodin ƙanena, mun mai da wa mai shago, ya musanya mana da wani ba gardama, abin da ya nuna mini ba mu ne farkon masu dawo da shi ba. Na tambaye shi ina zai kai wanda muka dawo da shi. Ya ce akwai masu saye, ba kowa ne yake lanƙwasawa ba. Guntun da yaron ya miƙo mini yana nan a cikin aljihun teburina. Na kai shi wani ɗakin gwaji a bara, aka ce mini injin yana nan lafiya lau, mai sarrafa shi ne ya yi ritaya, ba a kuma ɗauki wani ba tukuna.